Yadda Na Haska Fuskar Inna Tsahara

Ranar kasuwa da ta wuce wasu samari uku suka tsaya bakin shagona suna kallon tabarmar da na rataye tana canza launi. Ɗayansu, mai baƙin gilashin da ba ya cirewa ko a inuwa, ya ce wa abokansa, "Wanga ai ba aiki ba ne. Ka sayo igiyar led, ka manna, ka sa kuran, shi ke nan." Na ji shi sarai. Na ci gaba da aikina, don ina riƙe da ƙarfen soda mai zafi da nake liƙa waya da shi, kuma na san halina. Amma maganar ta tsaya mini a wuya, shi ya sa na zauna na rubuta wannan domin shi da ire-irensa.

Ga wanda bai sani ba, aikina a nan Dakoro shi ne yi wa mutane bangon haske da suke zama a gabansa in za su yi kiran bidiyo. Igiyar led wata siririyar leda ce mai ƙananan ƙwayayen fitila a jere masu aiki da kuran, wato wutar lantarki, kowace tana ba da launin da aka umarce ta. Mai umartarta wani ɗan kati ne kamar akwatin ashana, wanda nake rubuta wa tsari ta salula, wato wayar hannu: ga launi, ga ƙarfin haske, ga lokacin da zai canza. Kayan ke nan, kuma kowa na iya sayensu. Ku saurari labarin aiki ɗaya tak, wanda kuskurena ya kusa ɗora ɗan mutane a kan hanyar hamada, sannan ku ce mini manni ne kawai.

Wata Talata da hantsi wata mata ta yi sallama a shagon da goyo a bayanta. Sunanta Mariyama, tana aure nan cikin gari, amma gidan iyayenta yana wani ƙauye gefen Sabon Maci. Yayanta Lawali yana Tamanrasat, can ƙetaren hamada, yana aikin gini, shekararsa huɗu a can. Da abin da yake aikowa gidan ke cike giɓin rumbu, balle wannan shekarar da gero bai yi ba. Uwarsu, Inna Tsahara, ta yi zazzaɓi mai tsanani da damina. Ta warke tas, amma labarin ciwon ya kai masa, na warkewar kuwa ya ƙi shiga kunnensa.

"Baba Isufu," in ji Mariyama, "ya ce in bai ga huskar Inna ba kahin Juma'a, shina hawan mota shi taho gida."

Na ce, "To ku kira shi mana shi gan ta."

"Mun kira ya hi sau goma. Ɗakin duhu gare shi, kuma Inna ba ta tsayawa."

"Ku ɗauke ta hoto ku aika mishi."

"Ya ce hoto ba shi da rana. Ya ce wa ya sani ko na bara muke aika mishi."

Da ta ba ni dalili sai na ga yaron yana da gaskiyarsa. Lokacin da mahaifinsu ya rasu, wata bakwai aka yi ana ɓoye masa. Duk ran da ya kira sai a ce ya tafi gona, ko ya tafi cin kasuwa. Haka muke yi a ƙasarmu, ba a kai wa na nesa mugun labari don kada hankalinsa ya tashi a bakin duniya. Da tausayi ake yi, amma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Yanzu ga shi yana shirin barin aikin da ranar da ya juya baya wani zai maye gurbinsa, ya shiga hanyar da ba kowa ya shige ta yake fita ba, don ya zo ya duba uwar da take zaune lafiya lau tana shan furarta. Na ce wa Mariyama ta kwantar da hankalinta, gobe Laraba zan je da kaina. Wannan magana tata ta cewa Inna ba ta tsayawa, na ɗauka tsoron salula ne irin na tsofaffi. Ban tambaya ba.

Da ta tafi na sauko da tabarmar da na fi alfahari da ita. A jikin tabarma nake aikina, kuma wuya ce ta koya mini haka. Shekara biyu kafin nan na yi muguwar shekarar da ba zan manta ba. A lokacin 'yan kasuwar hatsi sun gano cewa in abokin cinikinsu na Najeriya ya gan su a gaban bango mai walƙiya yakan ƙara girmama su, sai kowa ya zo yana so. Na yi ta manna igiya a jikin katako da danƙon da take zuwa da shi, ina jin kaina gwani. Bazara ta zo, danƙo ya narke, igiyoyi suka fara saukowa ɗaya bayan ɗaya. Wani Alhaji yana tsakiyar cinikin wake da mutumin Jibiya tasa ta faɗo ta rataye masa a hula tana kyafta ja da kore. Gari ya ɗauka, aka raɗa mini suna mai igiyar shanya. A shekarar kuma kaya suka daina shigowa, ba sabuwar igiya ko taƙi ɗaya. Na koma gyaran rediyo da cocila, tsakanin aiki ina yanke masu rai daga cikin matattun igiyoyi ina haɗa su. Matata Hauwa, wadda take saƙar tabarma, ta gan ni ina fama da wani sabon danƙo, ta ce, "Abin da ya ƙi zama da manni ai ɗinke shi akan yi." Ta ɗauko allura da zaren kaba ta ɗinke igiyar a bayan tabarma. Iska na ratsa ta, zafi ba ya cire ta, ka naɗe ka ɗaure a bayan moto, wato babur. Har yau in an yaba aikina a gabanta sai ta yi gyaran murya.

Na duba haɗin wayoyi ɗaya bayan ɗaya, ina jan kowanne da yatsa, yadda Malam Garba mai rediyo ya koya mini a Maraɗi ina ɗan shekara goma sha biyar. Wata uku na yi a shagonsa ban taɓa rediyo ba, sai fere waya da ɗiga mata dalma da ƙarfen da muke gasawa a gawayi. In na gama ya zo ya fizgi haɗin. In ya cire sai ya buɗe tafin hannuna ya ajiye mini ya wuce. Gara ya mare ni da wannan. Igiyar led tana da nata sharuɗɗan. Akwai kibiya a jikinta, in ka haɗa ta baibai ba za ta ji umarni ba ko ka yi kuka. In ta yi tsawo kuma ka ba ta kuran ta baki ɗaya, farkon zai yi fari, ƙarshen ya koma kamar ruwan shayi, dole ka ciyar da ita ta kai da gindi. Rubuta tsarin kuwa da furfurata na koye shi wajen wani mushen lakwal, wato malamin makaranta, Mushe Abdu, wanda ya fara kawo irin katin zuwa garin nan. Yana karanta mini faransancin, ni ina nuna masa inda ya ƙona yatsa. Malam Garba yana da wata magana da yake nanatawa, cewa kafin ka kwance rediyo ka tambayi mai ita yadda aka yi ta mutu. Duk sauran karatunsa na tafi da shi Sabon Maci, wannan kaɗai na bari a gida.

Laraba bayan azahar muka isa, ni da Mariyama da batir da tabarma. Inna Tsahara doguwa ce siririya, da tsaga a kumatunta, ta amsa gaisuwata da murya garau, ta sa aka kawo mini fura. Na ce a raina wannan ai aikin minti biyar ne. A tsakar gida na so a yi, inda hasken rana ya wadata, amma ta ce ba za ta zauna a idon maƙwabta ba, sai cikin ɗaki. Ɗakin na ƙasa ne, tagarsa ba ta fi faifai ba. Na rataye tabarma a bango, na zaɓi tsarin da Alhazai suka fi so, shuɗi da fari suna gudu kamar ruwa. Na kafa salula a kan turmi daidai gabanta, na sa wata fitila mai ƙarfi kusa da ita. Da Lawali ya tashi aiki Mariyama ta kira. Yana ɗagawa na kunna komai lokaci ɗaya, fau!

Tsohuwa ta zabura, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta juya wa salula ƙeya. Ita kuma kamara dabba ce mai bin haske, in bayan mutum ya fi shi haske sai ta tsuke ido ta bar shi a duhu. Abin da ya isa Tamanrasat shi ne wata dunƙulalliyar inuwa a gaban bango mai walwali, da ɗan gefen kunci wanda shuɗin haske ya mayar toka-toka, irin fatar wanda ya daɗe a kwance.

"Inna! Inna, ki dube ni!" Lawali yake kira. Ta ƙara sunkuyar da kai.

Sai ya ce, "Mariyama, na gani. Tada ta kunka yi kunka jingine. Jibi ina hanya." Ya kashe.

Mariyama ta fashe da kuka. Ni kuwa kunya ta rufe ni har na rasa inda zan sa idona, don kafin in zo zargi yake yi, yanzu da fitilata na ba shi abin da yake ganin shaida ce. Muna fita tsakar gida na tambaye ta abin da ya kamata in tambaya tun a shago: me ya sa Inna ba ta tsayawa?

Ta dube ni kamar na tambaye ta ko rana tana fitowa daga gabas. "Baba, ai ɗan hwarinta ne."

Na dafe kai. Sunan Lawali ma, da ake raɗa wa ɗan fari, ya isa ya gaya mini. Matan zamaninsu ba sa kiran sunan ɗan fari, ba sa kallonsa ido cikin ido, ba sa hira da shi a gaban mutane, tun yana goye har ya yi gemu. Ba ƙi ba ne, kunya ce, kuma da ita suke auna mutuncinsu. Na san wannan tun ina yaro. Amma ni na biyar ne a ɗakinmu, uwata har kunnena take murɗawa tana kallona, shi ya sa abin bai faɗo mini ba. Na ɗauko matar da ta yi shekara arba'in tana kau da kai, na dasa mata fuskar ɗanta a gaba, na haske ta kamar an kama ɓarawo.

Ban koma Dakoro ba, na kwana a zauren gidan. Alhamis da safe na bar kayan aiki a jaka, na nemi izini na zauna a bakin ƙofar ɗakinta ina kallo kawai. Da ta gama karin kumallo ta jawo buhun wake ta zauna a gefen gado, faifai a cinya, tana tsince wanda ƙwaro ya huda. Kanta a sunkuye, ya ɗan karkata hagu, wajen ƙofa. Hannunta kuwa ya fi na budurwa sauri.

Na ce, "Inna, ki gahwarta mini abin jiya. Ni ne ban yi hankali ba."

"Ba komi, mai kuran. Kai ma aiko ka anka yi."

"Inna, in bai gan ki ba, gobe shina shiga hamada."

Hannunta ya tsaya cikin wake. Ta ce, "Ni ban hana kowa shi gan ni ba. Ni ce ba ni iya duban wancan."

Wannan magana ita ta ba ni aikin gaba ɗaya. Na fita na ciro kaya. Tabarmata mai ado na naɗe ta na ajiye, na warware ɗinkin igiyar, na ari allura wajen Mariyama na ɗinke ta a bayan tsohuwar tabarmar da ke rataye a bangon Inna tun da can, don Lawali ya ga ɗakin da ya sani. Na ba ta launin garwashi, na rage ta sosai, iyakacin abin da zai raba kan tsohuwa da duhun bango. Hasken fuskar shi ne mai wuya, tun da fuskar ƙasa take kallo. Na yanki guntun igiya na zagaya ta cikin wani farin daro, na rufe bakinsa da farin ƙyalle don haske ya yi laushi, na jingine shi a ƙasa ta hagunta. Haske ya bugi faifai ya dawo sama ya sami fuska. Launin hantsi na ba shi, don baƙar fata da ɗumi take kyau. Na gwada da fuskar Mariyama, na ga wasu layuka suna gudu a salula saboda na rage ƙarfin fiye da kima, na yi ta gyarawa har suka tsaya. Salular kanta na ɗaure ta a ƙafar kujera can gefe, inda kamara za ta ga Inna amma Inna ba sai ta fuskance ta ba.

Sai tsarin. Na rubuta wa kati ya fara daga kusan babu, ya riƙa hawa kaɗan-kaɗan har minti goma sha biyar, yadda gari ke wayewa ba wanda ya ga lokacin da ya waye. Ban taɓa rubuta tsari mai sanyin jiki irin wannan ba. Duk wanda na yi wa aiki a baya abin da zai ja ido yake so.

Bayan la'asar Mariyama ta aika wa yayanta saƙon murya. Ta ce, "Yaya, don Allah ka ɗaga sau ɗaya. Kada ka kira ta, kada ka yi mata magana. Da ni za ka yi hira, ka zuba ido." Da ta kira ya ɗaga, fuskarsa a murtuke, jakarsa a ɗaure a bayansa muna gani. Inna tana gefen gado da faifanta. Na taɓa salulata, tsari ya tashi.

Mariyama ta zauna a bayan kujera tana ba shi labarin tunkiyar da ta haifi biyu da bikin 'yar maƙwabta. Yana amsawa da ƙyar. Da farko ba abin da yake gani sai duhu. Sannu a hankali faifai ya bayyana, sai hannuwa biyu suna ta aiki. Daidai nan rezo, wato sabis ɗin waya, ya ɗauke. Mariyama tana ta sake kira, haske kuwa yana ta hawa abinsa, na ji tsoron kada ya cika tsohuwa ta ankara ta ja mayafi. Na kai yatsa zan tsayar da shi.

"Bar shi shi hau, mai kuran," in ji Inna, ba ta ɗago ba. "Na ga abinka tun ɗazu. Tsuhwa na yi, ban makance ba."

Kira ya shiga. A lokacin haske ya kai haɓarta, ya kai tsagar kumatunta, ya kai goshi. Fuska ce ta mai lafiya, ba toka ba rama. Wata akuya ta turo kai ta ƙofa tana shinshinar buhu, Inna ta ɗauki takalmi ta jefe ta, ta same ta a gindi, ta bi ta da zagi mai kyau wanda ba zan rubuta ba. Mariyama ta tsaya da labarinta. Daga Tamanrasat muka ji wata irin dariya da ta karye a tsakiya. Lawali ya sa hannun riga yana share ido, ƙato da shi, mai ɗaukar buhun siminti. Ni ma sai da na juya ina duba batir ɗin da ba abin da ya same shi.

Ya daɗe yana kallonta. Daga baya ya ce, "Mariyama, ce ma Inna ina gaishe ta. Ce mata na hwasa. Sai bayan girbi mai zuwa, in Allah ya kai mu." Muna gani ya sauke jakar daga kafaɗa ya ajiye.

"Ce mishi Allah shi yi albarka," in ji Inna, tana magana da wake.

Aka kashe. Na tsugunna ina kwance salula daga ƙafar kujera, zuciyata fari ƙal. Inna ta kaɗe faifai, ta juye waken a ƙwarya, ta kira 'yarta.

"Ke Mariyama. Wancan ya rame. Kuma mi ya same shi bisa gira, wurin nan da tabo? In kun sake magana ki tambaye shi, ki ce shi riƙa cin abinci."

In ban da ɗan juyawar da na yi wajen batir, ni ne na zauna da ido a kan fuskar matar nan tun daga farkon kiran har ƙarshensa, ina auna haske a kanta. Wallahi ban ga lokacin da ta ɗaga ido ba.